Ɗan Daba a Rigar Ɗan Kasuwa: Nazarin Ingancin Fim ɗin The Long Good Friday

A shekarar 1999 Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta tattara ra'ayoyin masana da masu sana'ar fim domin fitar da jerin fina-finai 100 da suka fi inganci a ƙasar cikin ƙarni na 20. Brighton Rock ya zo na 15, Get Carter ya biyo shi a na 16, The Long Good Friday kuma ya sami matsayi na 21. Dukkan ukun labaran 'yan daba ne. Na ukun shi ne wanda saura ƙiris bai ga zauren sinima ba, domin waɗanda suka zuba kuɗinsu a cikinsa sun so su datse shi, su sauya muryar jaruminsa, su miƙa wa talabijin abin da ya rage. Wannan maƙala za ta duba dalilin da ya sa fim ɗin ya cancanci matsayin da ya samu, da kuma wuraren da ya yi rauni. Hujjarta ita ce, ƙarfinsa ba a yawan jinin da ya zuba yake ba. Yana cikin yadda ya ɗauki mutumin da ya yi imani cewa komai na duniya yana da farashi, ya haɗa shi da abokan gaba waɗanda ba sa sayarwa, sannan ya bar mai kallo ya ga yadda wannan imani ke rushewa cikin kwana biyu.

An ɗauki fim ɗin a 1979. John Mackenzie, ɗan Sikotilan wanda ya ƙware a aikin talabijin, shi ne ya ba da umarni. Barrie Keeffe ya rubuta labarin, Barry Hanson ya shirya, Phil Méheux ya riƙe kyamara, Francis Monkman ya tsara kiɗa. Kuɗin da aka kashe bai kai fam miliyan ɗaya ba. Keeffe ɗan gabashin Landan ne, ya kuma yi aikin jarida a Stratford Express a zamanin da tagwayen nan Ronnie da Reggie Kray suke cin karensu babu babbaka a yankin, kafin kotu ta yanke musu ɗaurin rai da rai a 1969. Ya san yadda irin waɗannan mutane suke magana, yadda suke son uwayensu, da yadda suke son a riƙa ganinsu a hoto tare da manya.

Labarin a taƙaice

Harold Shand, wanda Bob Hoskins ya fito a matsayinsa, shi ne uban 'yan dabar Landan. Yana da gidan caca da mashaya da jirgin ruwan shaƙatawa a Kogin Tems. Yana da babban ɗan sanda mai suna Parky a aljihunsa, yana da kansila Harris mai kawo masa takardun tsarin gari tun kafin a bayyana su. Shekara goma ke nan ba a yi faɗan daba a garin ba, kuma Harold yana alfahari cewa shi ya shimfiɗa wannan zaman lafiya. Yanzu yana son ya wanke hannunsa. Burinsa shi ne ya mallaki tsofaffin tashoshin jiragen ruwa na gabashin Landan da suka zama kufai, ya gina su, har ya shirya su domin gasar Olamfik ta 1988. Domin samun jari ya gayyato wani jigon Mafiyar Amurka mai suna Charlie tare da lauyansa.

Baƙin sun sauka ne a Juma'ar da Kiristoci ke tunawa da gicciye Almasihu bisa aƙidarsu, kwana biyu kafin Ista. A ranar ce komai ya fara watsewa. Bam ya tarwatsa motarsa ƙirar Rolls-Royce a ƙofar cocin da mahaifiyarsa ke ibada, direban ya mutu. An daɓa wa amininsa Colin wuƙa a wurin ninƙaya. An tsinci wani bam da bai tashi ba a gidan cacarsa. Mashayar da zai kai baƙinsa cin abinci ta tashi a gaban idonsu, suna dab da isa. Harold bai san wanda ke yi masa haka ba, Amurkawa kuma suka ba shi awa 24 ya gyara gidansa ko su koma da kuɗinsu.

Mai kallon da ya saba da tsarin jarumi da bos, inda bos ke sheƙe ayarsa har jarumi ya zo ya gama da shi a ƙarshe, zai lura da wani abu tun da wuri. A nan bos ɗin shi ne jarumin, shi ne kuma ɗan sandan cikin da ke bincike. An gina labarin a kan tambaya ɗaya, wa ke kai harin, kuma mai kallo ba ya gaba da Harold da komai sai 'yan hotunan farko da ba a yi masa bayaninsu ba. Wannan gini ne ya sa mutum yake tsintar kansa yana taya azzalumi neman amsa.

Kufan tasha da shekarar 1979

Abu na farko da ya ɗaga darajar fim ɗin shi ne wurin da aka ɗauke shi da lokacin da aka ɗauke shi. Tashoshin jiragen ruwan Landan sun taɓa kasancewa cikin mafi hada-hada a duniya, ta nan ne kayan daular Ingila suke shiga suna fita. Da aka koma jigilar kaya cikin kwantena, manyan jirage suka daina shigowa can cikin kogi, aiki ya koma Tilbury. Tashar East India ta rufe a 1967, St Katharine a 1968, West India da Millwall a 1980, tashoshin Royal kuma a 1981. Dubban leburori sun rasa abin yi. Kyamarar Méheux ta kama wannan wuri yana tsakanin mutuwa da farfaɗowa: rumbunan ajiya babu kowa, ƙugiyoyin ɗaga kaya a tsaye sun yi tsatsa, ruwa kwance ba jirgi.

A kan wannan ruwa ne Harold ya yi jawabin da ya fi shahara a fim ɗin. Yana tsaye a bayan jirginsa, gadar Tower tana bayansa kamar an yi masa rawani da ita, yana shaida wa baƙi cewa shi ba ɗan siyasa ba ne, ɗan kasuwa ne mai sanin tarihi, ɗan Landan kuma. Ya ce ƙasarsu ta daina zama tsibiri, ta zama ƙasar Turai, kuma Landan ce za ta zama babban birnin nahiyar. Birtaniya ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai a 1973, Margaret Thatcher kuma ta hau mulki a watan Mayun 1979, shekarar da aka ɗauki wannan fitowa. Kalmomin da ke bakin Harold, wato jari da riba da kishin ƙasa da haɗa hannu da Amurka, su ne suka mamaye siyasar ƙasar a shekaru goma da suka biyo baya.

Abin da ya faru bayan nan sananne ne. A 1981 gwamnati ta kafa hukumar raya yankin tashoshin a ƙarƙashin minista Michael Heseltine. A 1991 aka kammala doguwar hasumiyar One Canada Square a Canary Wharf, yankin ya zama matattarar bankuna. Gasar Olamfik ta 1988 ta tafi Seoul, amma ta 2012 ta zo gabashin Landan, a Stratford, unguwar da Keeffe ya yi aikin jarida. Masu sharhi suna yawan kiran fim ɗin mai hangen nesa saboda haka, kuma suna da gaskiya. Sai dai hangen ba duba ba ne. Marubucin ya ga masu sayen filaye suna zagaye kufan, ya ga kansiloli suna cin abinci da su, sai ya yi tambayar da ta dace: da wane kuɗi za a yi ginin, kuma wa zai ci riba. Amsar da ya bayar mai ɗaci ce, domin a fim ɗin babu wata katanga tsakanin ɗan daba da ɗan kwangila da ɗan sanda da zaɓaɓɓen wakili. Duk suna cikin jirgi ɗaya suna shan abu ɗaya.

Abokin gabar da ba ya karɓar kuɗi

Harold yana da hanya biyu ta magance matsala: ya saya ko ya tsoratar. Rabin fim ɗin na farko yana nuna shi yana gwada ta biyun. Ya tura yaransa suka kwaso shugabannin daba na unguwanni, aka shigo da su mahauta a rataye da ƙugiyar nama, kai ƙasa ƙafa sama, tsakanin gawarwakin shanu. Harold yana zagaya su yana magana cikin lallashi da barazana. Fitowar tana da ban tsoro, tana kuma da ma'ana a ginin labarin, domin ita ce ƙololuwar ikonsa, kuma ba ta haifar da komai ba. Babu wanda ya san komai a cikinsu. Ya nuna ƙarfinsa duka a kan mutanen da ba su yi masa laifi ba.

Gaskiyar ta fito daga cikin gida. Lokacin da Harold yake Amurka, na hannun damansa Jeff ya amince wa kansila Harris a kai wasu kuɗi Belfast, a Ailan ta Arewa, ga ƙungiyar 'yan tawaye ta IRA, saboda kamfanin gine-ginen Harris ya dogara da leburori 'yan Ailan. Colin ne ya kai saƙon, ya kuma zare fam 5,000 daga ciki. A daren ne aka kashe mutum uku na ƙungiyar, sai suka ɗauka Harold ne ya sayar da su. Ke nan bala'in da ya rushe daular miliyoyi ya taso ne daga ƙaramar sata da rashin sa'a.

Daga nan fim ɗin ya rabu da sauran 'yan uwansa. Parky ya gaya masa cewa wannan ba harkar ɓarayi ba ce, ta fi ƙarfin ofishinsa. Jeff ya gaya masa cewa sojojin Birtaniya sun shafe shekara goma suna fama da mutanen nan ba su gama da su ba, kuma in ya kashe goma wasu za su taso. Harold bai ji ba, kuma ba taurin kai kaɗai ya hana shi ji ba. Kwanyarsa ba ta da gurbin da za ta ajiye mutumin da ke kisa ba don kuɗi ba. A wurinsa kowane rikici ciniki ne da bai faɗa ba tukuna. Shi ya sa ya shirya ganawa da shugabanninsu na Landan a filin tseren motoci, ya kai musu fam 60,000, ya sa aka harbe su suna cikin ƙirga kuɗin, har da Harris. Ya fito yana ganin ya gama, kamar yadda zai gama da kowace daba ta unguwa. Mai kallo ya riga ya san bai gama ba, kuma wannan tazara tsakanin abin da jarumi ya sani da abin da mai kallo ya gane ita ce ke ba mintunan ƙarshe nauyinsu.

Wannan ɓangare ne ya kusa kashe fim ɗin. Kamfanin Black Lion da ya ba da kuɗin yana ƙarƙashin daular Lew Grade, kuma shugabanninsa sun tsorata da labarin da IRA ke yin nasara a cikinsa, bayan ƙungiyar ta kashe Lord Mountbatten a watan Agustan 1979. Sun shirya rage fim ɗin domin talabijin, sun kuma sa wani ɗan wasa ya maye muryar Hoskins don kada karin harshen gabashin Landan ya gagari Amurkawa. Hoskins ya yi barazanar zuwa kotu. Kamfanin HandMade na George Harrison, tsohon mawaƙin Beatles, shi ne ya saye fim ɗin a kan kuɗin da bai kai abin da aka kashe ba, ya sake shi yadda Mackenzie ya tace shi. An nuna shi a bikin fina-finai na Landan a ƙarshen 1980, ya shiga sinimomi a 1981.

Hoskins da Mirren

Da an sauya wannan murya, da babu abin da za a tattauna a yau. Hoskins gajere ne, kakkaura, mai sanƙo, ba shi da siffar da ake nema ga tauraro. Jama'a sun san shi ne ta wasan talabijin na Pennies from Heaven na 1978. Abin da ya kawo wa Harold shi ne saurin sauyawa. A fitowa ɗaya zai yi raha, ya yi fushi, idonsa ya kawo ruwa don tuna Colin da suka yi aikin soja tare, sannan ya koma lissafin yadda za a fitar da gawar ba tare da baƙi sun sani ba. Yana jin zafin an tayar da bam kusa da mahaifiyarsa a ranar ibada, kuma da gaske yake jin zafin, alhali shi ne mai rataye mutane a mahauta. Hoskins bai nemi mai kallo ya yafe wa Harold ba. Ya dai hana shi samun sauƙin ƙinsa.

Fitowar kisan Jeff ita ce ma'aunin wannan wasa. Su biyu ne a cikin jirgi, Harold yana zuba masa abin sha yana tambaya a hankali, kamar uba da ɗa. Da gaskiya ta fito, sai kwalba ta fashe, ya soka masa a wuya. Nan take ya rungume shi yana kallon jinin da ke ɓulɓula, fuskarsa cike da firgicin abin da hannunsa ya yi. Mackenzie ya biyo da doguwar fitowar wanka, ruwa yana zuba a kan Harold, ana ƙona tufafinsa. Tashin hankali a wannan fim yana da sakamako. Ba a yin sa a wuce.

Helen Mirren ta fito a matsayin Victoria, abokiyar zamansa. A rubutun farko matar ado ce kawai irin wadda aka saba gani a gefen ɗan daba. Mirren ta dage sai an sake ta, aka mayar da ita 'yar manyan gida mai ilimi da kaifin basira. Gyaran ya amfani fim ɗin ƙwarai. Victoria ce ke tsara liyafa, ita ce ke riƙe Amurkawa da hira lokacin da gari ke ci da wuta, ita ce ta yanke shawarar gaya musu gaskiya da ta ga ƙarya ta ƙare, ita ce kuma ta tsinci bakin zaren daga maganar da ta suɓuce wa Harris cikin maye. Bayan kisan Jeff, marin da ta yi wa Harold ne ya dawo da shi hayyacinsa. Ta wurinta ake ganin abin da Harold yake nema da gaske, wato karɓuwa a wurin masu asali, abin da kuɗi kaɗai ba sa bayarwa a Ingila.

Sai fitowar ƙarshe. Harold ya je otal ɗin Savoy ya tarar Amurkawa suna haɗa kaya. Ya zazzaga musu cin mutunci, ya ce zai koma wa Jamusawa, ya fito ya shiga motarsa. Motar ta fizga, ya hango Victoria a wata motar an riƙe ta, wani saurayi kuma ya juyo daga kujerar gaba da bindiga. Saurayin Pierce Brosnan ne a fim ɗinsa na farko, shekaru kafin ya zama James Bond. Kyamara ta tsaya a kan fuskar Hoskins na kusan minti biyu babu kalma ɗaya, sai kiɗan Monkman. Mamaki ya wuce, fushi ya zo, lissafin hanyar tsira ya biyo, sannan ganewa. Darakta da yawa za su ji tsoron barin kyamara haka, su sa harbi ko magana. Mackenzie ya amince da ɗan wasansa, kuma duk bayanin da labarin ke buƙata yana kan wannan fuska. Hoskins ya sami kyautar jaridar Evening Standard a kan wannan rawa, Keeffe kuma ya karɓi kyautar Edgar ta Amurka a 1983 saboda rubutun.

Inda ya gaza

Fim ɗin yana da aibobi, kuma ba ƙanana ba ne duka. Mintunan farko, inda ake nuna jakar kuɗi da wani gidan gona da wata mata mai takaba tana tofa wa Jeff yawu, suna rikita mai kallon farko fiye da kima, ba a warware su sai can kusa da ƙarshe. Eddie Constantine, Ba'amurken da ya yi suna a fina-finan Faransa, ya yi sanyi a matsayin Charlie, har mutum ya kasa gaskata cewa wannan ne jigon da Harold ke rawar jiki a kansa. Kiɗan na'ura na Monkman yana da ƙarfi a farko da ƙarshe, amma a tsakiya yakan danne wasu fitowar.

Aibi mafi girma shi ne yadda aka nuna IRA. Ba su da fuska, ba su da tarihi, kusan ba su da magana. Fim ɗin bai ce komai ba game da abin da ke faruwa a Ailan ta Arewa, ko mutanen da bama-baman ƙungiyar suka kashe ba su ji ba su gani ba. An yi amfani da su ne kamar ƙaddara mai saukowa. Wannan ya yi wa ginin labarin amfani, tunda ta idon Harold ake kallon komai kuma shi bai fahimce su ba, amma ya bar su a matsayin dodon da ba a iya kayarwa, wanda hakan ba gaskiyar tarihi ba ce. Haka nan fitowar Brixton, inda Harold da yaronsa Razors suke azabtar da wani baƙar fata mai suna Erroll don neman labari. Wariyar launin fatar Harold ta fito fili, kuma daidai ne a nuna ta, sai dai fim ɗin bai ba mazauna unguwar wata murya da za ta amsa masa ba.

Idan aka ajiye shi kusa da Get Carter na Mike Hodges, wanda ya fito a 1971, za a ga bambancin zafi. Jack Carter na Michael Caine mutum ne mai sanyin jini da ke neman fansar ɗan'uwansa a Newcastle, fim ɗin kuma ya fi tsabtar gini. The Long Good Friday ya fi shi faɗi, domin ƙasa guda yake aunawa. Fina-finan da suka biyo baya, musamman bayan Lock, Stock and Two Smoking Barrels na Guy Ritchie a 1998, sun ɗauki karin harshen da zagin da barkwancin, har sun ɗauki P.H. Moriarty da ya fito a Razors. Mafi yawansu sun bar siyasar da nauyin jinin a baya, suka mayar da ɗan daba abin sha'awa ga samari. Sexy Beast na Jonathan Glazer, na shekarar 2000, yana cikin 'yan kaɗan da suka riƙe tsoron da gaske.

Keeffe ya rubuta ci gaban labarin da sunan Black Easter Monday, inda Harold zai tsira daga motar nan ya dawo Landan bayan shekaru ya tarar da sababbin 'yan daba sun gaje gari. Ba a taɓa ɗaukarsa ba. Mackenzie ya rasu a 2011, Hoskins a 2014, Keeffe a 2019. A ra'ayin wannan maƙala rashin yin sa alheri ne ga fim na farko, domin tsirar Harold za ta nuna cewa akwai wata dabara ko wani farashi da ya rage masa a cikin motar, alhali minti 114 aka shafe ana tabbatar da cewa babu.